Ina neman mastas a ilimin ji a Amurka, amma AuD kawai nake gani

'Yar Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar. Na yi digirina na farko a fiziyoloji, na fita da 2:1, watan jiya na gama bautar ƙasa. Burina in yi mastas a odiyoloji, wato ilimin ji da gwajin kunne, a Amurka. Sati biyu ke nan ina leƙa shafukan jami'o'insu, duk inda na shiga AuD nake gani, mastas ko sama ko ƙasa. Ni ce ban iya nema ba, ko yaya abin yake? Kuma me suke nema kafin su ba mutum gurbi? Abin da ya sa na nace, ƙanena ne. Sanƙarau ya kama shi yana ɗan shekara huɗu, Allah ya tashi kafaɗunsa amma jinsa bai dawo ba. Sai da muka yi kusan shekara muna yawon asibiti kafin mu dace da wanda ya yi masa gwajin da ya kamata. Tun daga lokacin abin bai bar raina ba.

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya. Amma wai wannan ba shi ne likitan kunne ba? In shi ne ai sai kin koma aji ɗaya kin karanta likitanci.

Likitan Kunne:
A'a Ɗan Zazzau, aiki biyu ne. Mu likitocin kunne, hanci da maƙogwaro mu ke ba da magani, mu ke yin tiyata. Masanin ji kuwa shi ke auna yawan jin da ya ragu da kuma inda matsalar take, shi ke zaɓa wa mutum na'urar taimakon ji ya daidaita masa ita, shi ke gwada jarirai, ya duba masu jiri da masu kukan kunne. In muka dasa wa yaro na'ura a can cikin kunne, tiyatar 'yan awoyi ce, amma saita na'urar da bibiyar yaron aikin shekaru ne, kuma nasu ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya kan ji na 2021 ya ce kashi 93 cikin ɗari na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su da masanin ji ko da guda ɗaya ga kowane mutum miliyan ɗaya. Don haka yawon da suka sha bai ba ni mamaki ba.

Baƙon Ohio:
Ƙanwata, nemanki ba shi da laifi, abin da kike nema ne ya daɗe da bin ruwa. Ni ina shekara ta uku a AuD, bari in ba ki yadda yake.

A da mastas ake yi, shekara biyu mutum ya fito ya kama aiki. A 1994 kwalejin likitanci ta Baylor da ke Teksas ta buɗe AuD na farko, wato digirin dakta a ilimin ji, sauran suka bi sahu sannu a hankali. Daga 2012 ASHA, ƙungiyar masana ji da magana ta Amurka, ta daina ba sabon mai nema takardar ƙwarewa, wadda ake kira CCC-A, sai yana da digirin dakta. Shi ya sa makarantun suka rufe mastas ɗin. Tsofaffin da suka fito da mastas suna nan suna aikinsu, amma ke da za ki shiga yau ƙofa ɗaya ce.

Kada sunan dakta ya ruɗe ki, AuD ba digirin digirgir ba ne. Digirin aikin asibiti ne, kuma kai tsaye daga digirin farko ake shigarsa, ba sai da mastas ba. Yawanci shekara huɗu ne, akwai 'yan kaɗan irin su Northwestern da suke dunƙule shi a shekara uku, su haɗa da lokacin hutun bazara. Shekarun farko aji ne haɗe da asibiti: tsarin kunne da jijiyoyinsa, kimiyyar sauti, gwajin ji, na'urori, gwajin da ake manna wa mutum wayoyi a kai a ga yadda jijiya ke amsa sauti, ɓangaren yara, ɓangaren jiri. Akwai ɗan aikin bincike da za ki gabatar. Shekarar ƙarshe kuwa gaba ɗaya a asibiti za ki yi ta ƙarƙashin wani ƙwararre, kuma ke za ki nemi wurin kamar mai neman aiki, wani lokaci a wata jihar daban. Tsohuwar ƙa'idar ASHA awa 1,820 ce ta horon asibiti, wato awa 35 a mako har mako 52. Bayan nan sai jarrabawar Praxis, ana neman maki 162, sannan lasisin jihar da za ki yi aiki, don kowace jiha da nata.

'Yar Gwale:
Innalillahi. Shekara huɗu! Ni da na gaya wa Baba shekara biyu ce. To Yaya, da fiziyolojin nan tawa za su ma saurare ni?

Baƙon Ohio:
Za su saurare ki. A ajinmu akwai wadda ta karanta waƙa da kiɗa, akwai injiniya. Da yawa ba su damu da sunan digirin ba, darussan da kika yi suke dubawa. Kusan duka suna son ganin bayoloji, fiziks ko kemistiri, lissafin ƙididdiga, da wani darasi na halayyar ɗan Adam ko zamantakewa. Waɗannan ina jin kina da su. Inda za ki iya samun giɓi shi ne darussan fannin kansa: gabatarwa ga ilimin ji, ilimin furuci, yadda yaro ke koyon harshe, tsarin gaɓoɓin magana da ji. Wata makarantar za ta ce sai kin kawo su kafin ta duba takardarki, wata ta ce shigo ki cike su a shekarar farko, wata ko a jikinta. Wannan kaɗai ya isa ya rage miki jerin makarantu da rabi.

Maki kuma, mafi ƙanƙanta da aka saba nema shi ne 3.0 a ma'aunin 4.0, amma waɗanda ake ɗauka galibi sun haura nan sosai. Namu na gida ma'aunin 5.0 ne, 2:1 tana farawa daga 3.50, kuma ba ke za ki juya shi da kalkuleta ba. Za ki sa jami'arki ta aika sakamakonki ga masu tantancewa irin su WES, su auna shi darasi bayan darasi.

Yawancin makarantun ta shafi ɗaya ake nema, CSDCAS. Nan za ki ɗora komai: sakamako, wasiƙun shaida daga malamai, yawanci uku, da takardar da za ki bayyana dalilinki na son karatun. Ana rufewa tsakanin Disamba da Fabrairu, da yawa 15 ga Janairu, a fara karatu a Agusta. Sau ɗaya ake ɗauka a shekara. GRE kuwa, jarrabawar neman shiga karatun gaba da digiri, makarantu da yawa sun jingine ta tun lokacin korona, amma ki duba kowace da kanta.

Maman Hanif:
To batun Turanci fa? Na ji an ce 'yan Najeriya ba sa rubuta TOEFL.

Baƙon Ohio:
Wasu suna yafewa, wasu ba sa yafewa, ko da an ce musu da Turanci muka yi karatu tun firamare. A wannan fannin ma sun fi tsananta ɓangaren magana, domin za ki zauna da tsoho mai raunin ji kina karanta masa kalmomi yana maimaitawa. In bai gane lafazinki ba, sakamakon gwajin ya lalace. Ni kaina watannin farko na sha gyara a kan wannan, har da ranar da wata tsohuwa ta ce in kira mata wanda ya iya Turanci. Na haɗiye, na kira mata.

Ɗan Zazzau:
Kai jama'a. Duk wannan wahalar a kan kunne? Ta tafi Ingila mana, shekara ɗaya an gama, ga mastas ɗinta a hannu.

Anti Mai Shayi:
Ɗan Zazzau, tsaya. Wannan shawarar taka ita na bi, kuma jiki magayi.

'Yar Gwale ki saurare ni da kyau. Gaskiya ne Ingila suna da mastas a ilimin ji, akwai a Manchesta, akwai a Southampton, akwai a UCL da ke Landan, kuma 2:1 a fannin kimiyya irin naki abin da suke nema ke nan. Samun gurbi ba shi ne wahalar ba. Ni na samu, na biya, na yi shekara ɗaya, na fito da sakamako mai kyau. Sai da na fara neman aiki na gane cewa mastas ta shekara ɗaya ilimin aji ce da bincike, ita kaɗai ba ta ba ka rajistar duba marasa lafiya. Horon asibitin daban ne. Akwai kwasa-kwasan da suke haɗa shi a ciki su zama shekara biyu, akwai kuma shirin hukumar lafiyarsu ta NHS mai suna STP, shekara uku kana aiki ana biyanka kana karatu, wanda ke kai ka ga rajista da HCPC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya rajista a can, sai dai masu nema sun ninka kujerun nesa ba kusa ba. Duk wannan yana rubuce a shafin makarantar, ba wanda ya yaudare ni, ni ce ban karanta ba, idona ya rufe da ganin "shekara ɗaya". Sai da na yi dogon zango ina aikin mataimakiya kafin in samu hanyar cike horon.

Saboda haka kafin ki tambayi wa zai ɗauke ki, ki fara tambayar kanki a ina za ki yi aiki, sannan ki duba takardar da hukumar lasisin wurin ke karɓa. Daga can za ki yo baya ki zaɓi makaranta.

'Yar Gwale:
Anti na gode, Allah ya saka. Wallahi da yanzu na faɗa ramin nan, don jiya ma wata ƙawata ta turo min irin wannan kwas ɗin. Ni dai gida nake son dawowa in yi aiki, nan Kano.

Malamin Kurame:
To alhamdulillahi, tunda kin faɗi haka bari in sa baki. Shekara ashirin da wani abu ina koyar da yara kurame, kuma ina da ja a kan yadda muhawarar nan ke tafiya. Kowa Amurka, Ingila. In Kano za ki dawo, me ya kai ki neman lasisin Ohio? A Najeriya hukumar MRTB ce ke yi wa masana ji rajista, ita ce dai ke yi wa masu gashin ƙashi da masu gyaran magana. Jami'ar Ibadan ta daɗe tana koyar da ilimin ji da gyaran magana a matakin mastas ƙarƙashin sashen ilimi na musamman. Ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, nan kusa da ke, tana horar da ma'aikatan gwajin ji. Jami'ar Gana ma tana da mastas ɗin a Korle Bu da ke Akara. Kuɗin shekara ɗaya a Amurka zai yi miki karatun gaba ɗaya a nan, har ki sayi na'urar gwaji.

Na biyu, harshe. Baƙon Ohio da bakinsa ya ce ana karanta wa mutum kalmomi yana maimaitawa. To kalmomin nan na Turanci ne. Me za ki yi da su a gaban tsohuwar da ta zo daga Ɓagwai? Hausa harshe ne mai karin sauti, "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala muryar ce ke raba su. Wanda ya koyi aikin a kan kunnen Bature sai ya sake zama ɗalibi in ya dawo.

Baƙon Ohio:
Malam, ranka ya daɗe, maganar harshe na sallama maka, gaskiya ce tsantsa. Amma batun horo ina da ja. Ilimin ji aikin hannu ne, gani ya kori ji. Bambancin ba a allo yake ba, a yawan kunnuwan da ka duba ne da kayan da ka taɓa. A nan ƙa'idarsu ga jarirai ita ce a tantance jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Ɗalibi yana yin wannan da hannunsa har ya gaji. Ƙanen 'Yar Gwale da a irin wannan tsarin yake, ana sallamarsa daga jinyar sanƙarau za a tura shi gwaji, ba sai bayan shekara ba. Wa zai kafa mana irin wannan a gida in ba wanda ya gan shi yana aiki ba?

Malamin Kurame:
Wanda ya gan shi ya kuma dawo. Nawa ne suka dawo? Ba da kai nake ba, amma ka san abin da nake nufi. Mutum ya ci bashin karatun shekara huɗu da dala, da albashin naira zai biya?

Baƙon Ohio:
Wannan kam ka kama ni a hannu. Kuma ya kamata ta sani: AuD ba kamar digirin digirgir ba ne da ake yawan ɗauke wa mutum kuɗin makaranta a kuma ba shi alawus. A AuD kai ke biya, sai dai ka dace da aikin taimaka wa malamai a sashen, wanda ke rage wani kaso, kuma ba kowa ke samu ba. Kafin makaranta ta ba ki takardar I-20 ta neman biza sai kin nuna shaidar kuɗin shekarar farko, ga dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban ƙetare, daban. Shekarar asibitin ma wani wurin yana biyan ɗan alawus, wani ba ko sisi, alhali kina ci gaba da biyan makaranta.

Likitan Kunne:
Ku biyun kowa da gaskiyarsa. Abin da nake gani a asibiti shi ne mai takarda ba ya mana amfani in bai iya riƙe jariri ya yi masa gwaji ba, ko daga ina takardar ta fito. Duk kwas ɗin da za ki nema, gida ko waje, ki tambaye su a rubuce: awa nawa ɗalibi ke yi da marasa lafiya, wa ke kula da shi, waɗanne na'urori ke aiki a wurin yanzu, ba waɗanda ke cikin kwali ba. Sannan ki kai sunan kwas ɗin MRTB ki ji ko za su yi miki rajista da shi kafin ki biya ko kwabo.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, ku gafarce ni na shigo a tsakiya. Mu da muka yi karatu da Faransanci fa, akwai inda za mu dosa?

Anti Mai Shayi:
Akwai, Kanada. Su har yanzu mastas ce matakin shiga aiki, kuma jami'o'in Ottawa da Montreal da Laval da Faransanci suke koyarwa. Sai dai kujerun kaɗan ne ƙwarai. Faransa kuwa tsarinta daban ne, likitan kunne ke riƙe da yawancin gwajin, mai haɗa na'urar ji kuma difloma ce ta shekara uku bayan sakandare, ba karatun gaba da digiri ba.

Ɗan Maraɗi:
Madalla, na gode Hajiya.

Maman Hanif:
Ni Indiya na so in ce, tunda ta fi sauƙin kuɗi kuma mutanenmu sun saba zuwa.

Baƙon Ohio:
Indiya suna da ƙarfi a fannin, cibiyar AIISH da ke Mysore sananniya ce. Amma mastas ɗinsu na wanda ya yi digirin farko a fannin ne, BASLP, shekara huɗu. Mai fiziyoloji sai ta koma farko. Afirka ta Kudu ma haka, digirin farko ne na shekara huɗu a Pretoria ko Cape Town ko Wits. In tana son mastas ta shekara biyu da ke karɓar mai wani digirin kuma take kai mutum ga aiki, Ostareliya ce ke da wannan, irin su Melbourne da Macquarie, sannan a ƙara shekarar sanin makamar aiki. Tsada dai tana nan.

Abu ɗaya kuma, za ki ci karo da tallar AuD ta intanet. Wannan na waɗanda suka riga suka zama masana ji ne suna aiki, suke son ɗaga takardarsu. Ba na sabon shiga ba ne.

Malamin Kurame:
In dai Amurkar ce dole, to ki sa Gallaudet a lissafi, jami'ar kurame da ke Washinton, suna da AuD kuma sai kin koyi maganar hannu. Muna da tarihi da su: Andrew Foster, baƙar fata na farko da ya yi digiri a can, shi ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Na faɗi haka ne don ba kowane yaro na'ura ke yi wa amfani ba. Masanin jin da bai iya ko gaisuwa da hannu ba, me zai ce wa irin ƙanenki? Kafin ki tafi ko'ina ki je makarantar kurame ta Tudun Maliki ki zauna da yaran nan, ki ga maganar hannu irin tamu ta Hausa.

'Yar Gwale:
Malam ai a can yake karatu, ni ke kai shi, kuma na iya daidai gwargwado. Ban taɓa zaton wannan abin sawa a takardar nema ba ne.

Baƙon Ohio:
Shi ne ma kan gaba! Da shi za ki buɗe takardar dalilinki. Ki ƙara da neman izinin zama a ɗakin gwajin ji na wani asibiti kina kallon aiki, ki riƙa rubuta ranaku da awoyi, mai kula da wurin ya sa hannu. Ɗaya daga cikin wasiƙunki uku ta fito daga wurinsa. Kuma ko wace hanya kika zaɓa, gobe ki fara bin sakamakonki a jami'a. Nawa wata biyar ya yi kafin ya bar ofis, har na rasa shekara guda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yar Gwale:
To ga inda na tsaya. Bana ba zan nema ba. Zan fara da sakamakon da kuma zaman kallon aiki, in rubuta wa MRTB, in kwatanta Ibadan da Akara da makarantu uku na Amurka waɗanda ba sa neman darussan share fage. Sauran aiki shi ne yadda zan gaya wa Baba shekara biyun nan tana iya zama huɗu.

Ɗan Zazzau:
Ki fara ce masa za a riƙa kiranki Dakta, sai ki kawo maganar shekarun daga baya.

Likitan Kunne:
'Yar Gwale, ki turo min saƙo ta gefe. Ranar Talata muke gwajin yara, zan yi magana da mai kula da ɗakin. In za ki zo ki taho da takardar gwajin ƙanen naki ta ƙarshe, ina son in gan ta.